Darasi na Bakwai: Tortiya da Gordita, Abincin Hannu na Ƙasar Meziko

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so mai karatu ya iya bayyana yadda matan Meziko ke mayar da ƙwayar masara ta zama tortiya da gordita, ya san dalilin da ya sa suke dafa masarar da sinadarin cal kafin niƙa, ya kuma gane abin da ke riƙe da ƙananan gidajen abinci na gado a zamanin da inji ya karɓe yawancin aikin.

Gidan abinci mai teburi huɗu

A kowace babbar kasuwa ta ƙasar Meziko akwai layin masu abinci, kuma da wuya a ratsa unguwa ba a ga ɗan ƙaramin gidan abinci da suke kira fonda ba. Teburi uku ko huɗu ne, da benci, da murhu a bakin ƙofa inda mai wucewa zai gani. Yawancinsu na mata ne, da yawa kuma gado ne: kaka ta fara, uwa ta karɓa, yanzu jika ce a bakin wuta. Leburori da direbobi da ma'aikatan ofis ne masu cin abinci a nan, kuma sun san mai wurin ta san su. Za ka ji ana kiran ta Doña, wato lakabin girmamawa ga babbar mace, ita kuma ta san wanda ke son barkono da yawa da wanda cikinsa ba ya ɗauka.

Miya da nama suna canzawa kullum. Abin da ba ya canzawa shi ne tortiya. A siffa ta yi kama da gurasar Kano, sai dai ta masara ce, ta fi gurasa sirantaka nesa ba kusa ba, kuma faɗinta bai wuce tafin hannun babban mutum da yatsunsa ba. Ba a sa mata yis, ba a sa sukari, sau da yawa ko gishiri ba a sawa. Da ita ake ɗibar miya, da ita ake naɗe nama, da ita ake suɗe kwano. Gordita kuwa ƙanwarta ce mai kauri: ƙullu ɗaya ne, amma ana yin ta gajera mai tsoka, a tsaga gefenta a cusa mata abin ci.

Aikin da ake farawa tun jiya

Tortiyar da aka ci da safe tun yammacin jiya aka ɗora tukunyarta. Mai fonda takan auna busasshiyar masara, ta zuba a ruwa, ta barbaɗa wani farin gari da suke kira cal. Ana samun sa ne idan aka ƙona farin dutse irin wanda ake yin siminti da shi, sannan aka jiƙa shi da ruwa ya farfashe ya koma gari. Kaɗan ake sawa, kamar giram 10 a kowane kilo ɗaya na masara. A wasu ƙauyuka tokar itace ake amfani da ita a madadinsa.

Masarar ba ta nuna luguf a wannan dahuwa. Mai girki takan ɗauko ƙwaya ɗaya ta murza tsakanin yatsu, idan fatar ta saluɓe, sai ta sauke tukunya. Daga nan a rufe a bar ta ta kwana cikin ruwanta. Da asuba a tsiyaye ruwan, wanda ya koma rawaya mai kauri, a wanke masarar sau biyu ko uku. Wannan wankakkiyar masara ita ce nixtamal. Idan cal ya yi yawa tortiya za ta yi rawaya ta yi ɗaci, idan ya yi kaɗan ƙullun ba zai haɗu ba. Ma'aunin yana hannun mai yi, kuma yana bambanta da irin masarar da tsufanta.

Kafin gari ya waye yara da mata sun yi layi da bokitai a wurin injin markaɗe na unguwa. Injin yana da duwatsu biyu na aman wuta da ake sassaƙa wa tsagi, ana ɗiga ruwa kaɗan kaɗan yana niƙawa. Abin da ke fitowa ƙullu ne mai laushi da ɗumi, wanda ake iya curawa a hannu ba ya maƙalewa. Wasu tsofaffin masu sana'a sukan sake bi ta kansa a dutsen niƙa na gida, metate, don ya ƙara laushi.

A bakin kasko

Kaskon gashin tortiya shimfiɗaɗɗe ne, ba shi da zurfi, sunansa comal. Akwai na yumɓu, akwai na ƙarfe. Na yumɓun akan shafe shi da ruwan cal kafin a fara, don kada ƙullu ya kama. Ba a zuba mai.

Mai gashi takan jiƙa hannu, ta gutsuro ƙullu kamar girman ƙwan kaza ƙarami, ta mulmula. A tsohuwar hanya tafa shi take yi daga wannan tafi zuwa wancan, tana juya shi kaɗan a kowane tafi, har ya baje ya zama da'ira. Wannan ƙarar tafi ita ce ke tashin mutanen ƙauye da safe a da. Yau yawanci matsi ake amfani da shi, faranti biyu na ƙarfe ko katako masu maɗauri da mariƙi. A sa curin tsakanin leda biyu, a danna, a ɓare ledar, a ɗora tortiyar a tafin hannu, sannan a shimfiɗa ta a kasko da sauri ba tare da ta naɗe ba.

Juyi uku ake yi mata. Na farko bayan 'yan daƙiƙoƙi, da zarar gefenta ya fara bushewa. Ɓangare na biyu yakan daɗe kaɗan har ya yi ɗigo ɗigon ƙuna. A juyi na uku tururin da ya maƙale a ciki sai ya raba ta biyu, ta kumbura ta tashi, sannan ta sace. Duk wannan bai kai minti biyu ba, kuma da yatsu ake juyawa, ba cokali. Kumburin shi ne shaidar cewa niƙa ya yi, ruwa ya daidaita, wuta ta yi daidai. Shi ya sa tsofaffi a can ke tsokanar budurwa cewa ranar da tortiyarta ta kumbura ta isa aure.

Ana sauke ta sai cikin kwando mai ƙyalle, a lulluɓe. Tururin 'yan uwanta ne ke ƙarasa ta, ta yi laushin da za a naɗe ta ba ta karye ba.

Gordita da abin da ke cikinta

Curin gordita ya fi girma, kuma ba a danna shi sosai, akan bar shi da kaurin da ya kusa na ɗan yatsa. Saboda haka tana buƙatar wuta mai sauƙi da haƙuri, in ba haka ba waje ya ƙone ciki ɗanye. Da zafinta ake tsaga ta. Mai sayarwa ta riƙe ta da ƙyalle, ta soka wuƙa a gefe ta zagaya rabi, sai ta buɗe kamar aljihu.

A gaban murhu akwai jerin kasake na yumɓu, kowanne da abin da ke ciki. Akwai dakakken wake da cuku. Akwai yankakken koren tattasai da aka gasa aka haɗa da cuku ko kirim. Akwai niƙaƙƙen nama da dankalin turawa, akwai zare zaren naman sa a jar miya, akwai ƙwai da barkono, akwai nopal, wani tsiro mai faffaɗan ganye mai kauri da ake kankare ƙayarsa a dafa. Mai saye ya nuna da yatsa ya ce, "Doña, biyu na wake, ɗaya na tattasai." A kan teburi kuma akwai markaɗen barkono iri biyu, ja da kore, kowa ya zuba gwargwadon ƙarfinsa.

Kowane yanki da salonsa. A jihohin Durango da Zacatecas da San Luis Potosí gordita abincin safe ce ta yau da kullum, a kasko ake gasa ta, akwai kuma wadda ake gasawa a tanderun ƙasa. A birnin Torreón da kewayensa da garin alkama ake yin ta. A birnin Meziko an fi sanin wadda ake cusa wa soyayyar fatar alade tun tana ɗanya, sannan a soya ta cikin mai. Akwai ma masu zaƙi, irin ƙananan da ake sayarwa a naɗe cikin takarda mai launi a kusa da babbar majami'ar Guadalupe. Musulmin da ya je ƙasar sai ya yi tambaya kafin ya ci, domin naman alade da kitsensa suna shiga girki da yawa, har cikin wake da ƙullun gordita a wasu wurare. Tortiyar masara zalla kuwa masara ce da ruwa da cal.

Alade da saniya da cuku da alkama duk baƙi ne a wannan girki, Sifaniyawa ne suka kawo su bayan sun ci birnin Tenochtitlan na Aztek, mutanen ƙasar, da yaƙi a 1521. Masara da wake da barkono da tumatir da kabewa su ne 'yan gida.

Amfanin dafa masara da cal

A ƙasar Meziko aka fara noman masara. Masana sun gano cewa kimanin shekaru 9,000 da suka wuce manoman kwarin kogin Balsas suka fara zaɓen iri daga wata ciyawa mai suna teosinte, har ta zama masarar da duniya ta sani. Dafa ta da toka ko cal shi ma tsohon ilimi ne, an samu alamunsa a gaɓar tekun Guwatemala tun fiye da shekara 1,000 kafin haihuwar Annabi Isa.

Amfani na farko a hannu ake jin sa. Duk mai tuƙa tuwo ta san garin masara ba ya haɗuwa da ruwan sanyi, wargajewa yake yi. Cal yana narkar da fatar ƙwayar ta koma danƙo, dahuwar kuma tana ɗan nunar da sitacin, shi ya sa ƙullun nixtamal ke miƙewa a baje shi siriri bai tsage ba.

Amfani na biyu a jiki ake ganin sa. Masara tana da sinadarin niyasin, ɗaya daga cikin bitamin na rukunin B, amma a ɗaure yake yadda hanji ba ya iya tsotse shi. Cal ne ke kwance shi. Yana kuma ƙara wa abincin sinadarin kalsiyam mai gina ƙashi da haƙori, yana rage gubar afalatoksin da fumfuna ke bari a hatsin da bai bushe sosai ba. Idan aka haɗa tortiya da wake, abin da masara ta rasa na gina jiki wake ya cike shi.

Turawa sun ɗauki masara zuwa ƙasashensu, amma sun bar dabarar dafa ta a baya. Talakawan da suka koma rayuwa a kan masara kaɗai sai wata cuta ta kama su: fata ta yi baƙi ta daddare a duk inda rana ke bugu, gudawa ta biyo baya, hankali ya ruɗe, wasu su mutu. Wani likitan Sifaniya, Gaspar Casal, ya bayyana ta a 1735, daga baya a Italiya aka sa mata suna pelagra. A jihohin kudu na ƙasar Amurka ta kama mutum kusan miliyan 3 tsakanin 1906 da 1940, ta kashe kimanin 100,000. Likita Joseph Goldberger, wanda ya fara bincike a 1914, ya nuna cewa daga abinci take, ba ɗauka ake yi ba. A 1937 Conrad Elvehjem ya gano niyasin ne maganinta. Afirka ma ba ta tsira ba: a 1990 cutar ta kama fiye da mutum 18,000 cikin 'yan gudun hijirar Mozambik da ke Malawi, waɗanda abincin agajinsu yawanci garin masara ne. A ƙauyukan Meziko, inda ake cin masara sau uku a rana, da wuya a ga wannan cuta.

Daga dutsen niƙa zuwa inji

Wani tsohon kundi mai zane, Codex Mendoza, da aka yi wajen 1541 kuma yake ajiye a Oxford ta Ingila, ya nuna yadda Aztek ke auna abincin yara da tortiya: ɗan shekara 3 rabi, ɗan shekara 4 ko 5 guda, daga 6 zuwa 12 ɗaya da rabi, ɗan shekara 13 biyu. A nan aka zana yarinya 'yar shekara 13 durƙushe tana niƙa a gaban uwarta.

Wannan durƙuso ya ci rayuwar mata ƙarni bayan ƙarni. A da, ciyar da gida ɗaya yakan ci awa biyar ko shida kullum a kan dutse, domin ƙullu ba ya kwana, tsami yake yi. Duk da haka manyan ƙasar ba su ga darajar abin ba. A 1899 wani marubuci ɗan siyasa, Francisco Bulnes, ya yi iƙirarin cewa masu cin masara ba za su taɓa kamo masu cin alkama ba. Binciken masana abinci a shekarun 1940 ya nuna masara da wake da barkono abinci ne mai gina jiki.

Injin markaɗe ya bazu a garuruwa da ƙauyuka a farkon ƙarni na 20, kuma bai shiga da sauƙi ba. Masanin al'adu Oscar Lewis ya rubuta cewa a garin Tepoztlán maza sun ƙi injin a shekarun 1920, suna cewa tortiyar dutse ta fi daɗi, suna kuma tsoron abin da mata za su yi da lokacin da suka samu. Mata suka yi nasara, da yawa suka shiga kasuwanci da awannin da suka tsira da su. A 1947 Fausto Celorio ya fito da injin da ke baje ƙullu ya yanka ya gasa. A 1949 Roberto González Gutiérrez da ɗansa Roberto González Barrera suka kafa masana'antar busasshen garin nixtamal a garin Cerralvo, wadda garinta mai suna Maseca ya cika duniya. Da shi ba a buƙatar kwanan tukunya, ruwa kawai za a zuba a kwaɓa.

Yau akwai shagunan tortiya na inji sama da 100,000 a ƙasar, kuma da kilo suke sayarwa. Farashin wannan kilo magana ce ta siyasa. Gwamnati ta janye tallafin tortiya a 1999. A watan Janairun 2007, lokacin da masara ta yi tsada a duniya saboda Amurka na sarrafa ta ta zama man mota, farashin ya yi tashin gwauron zabi, dubban mutane suka yi zanga-zanga a birnin Meziko, har gwamnatin Felipe Calderón ta ƙulla yarjejeniya da 'yan kasuwa a kan peso 8.50, kuɗin ƙasar, kowane kilo.

Ƙananan wuraren da suka riƙe hannu

Tortiyar hannu ta fi ta inji tsada, kuma sau da yawa da dozin ake sayar da ita. Masu saye suna biya ne saboda ƙamshin sabon nixtamal, da kauri da laushin da inji ba ya bayarwa, da kuma irin masarar. Ƙasar tana da nau'in masara na gado 59, fara da rawaya da ja da shuɗiya, kuma ƙananan manoma ne ke riƙe da irinsu. Duk fondar da ke sayen irin wannan masara tana taimaka wa manomi ya sake shuka ta baɗi.

Wasu ƙananan wurare sun yi nisa. A 1952 wata mata mai suna Carlota Murillo ta fara sayar da gordita a bakin titi a birnin Ciudad Victoria na jihar Tamaulipas. Sana'ar ta zama kamfanin Gorditas Doña Tota, wanda ya haura rassa 200 kafin babban kamfanin FEMSA ya sayi kashi 80 cikin 100 nasa a 2013. Wani wurin kuma ya yi suna yana ɗan ƙaraminsa. El Califa de León, wani ɗan shago a unguwar San Rafael ta birnin Meziko, yana nan tun 1968, a tsaye ake ci, kuma abinci iri huɗu kawai yake sayarwa, duk gasasshen nama ne a kan tortiyar da ake bajewa nan take. A watan Mayun 2024 masu kundin Michelin, da ke tantance gidajen abinci na duniya, suka ba shi tauraro. Kafin wannan, a taron da ta yi a Nairobi a 2010, hukumar UNESCO ta sa girkin gargajiya na Meziko cikin al'adun gado na duniya, ta kafa misali da matan jihar Michoacán masu girki.

Dabarar nixtamal ta fara shigowa Afirka. Masana daga cibiyar binciken masara da alkama ta CIMMYT, mai hedikwata kusa da birnin Meziko, da jami'an ƙasar Meziko sun koyar da ita a Kenya, inda gubar afalatoksin a masara ta kashe mutum 125 a 2004. Duk wanda zai gwada sai ya nemi shawarar malamin gona ko jami'in lafiya, ya tabbata cal ɗin na abinci ne. Na magina yana iya ɗauke da guba, kuma wanda ba a jiƙa ba yana ƙona fata da ido.

Tambayoyi

1. Jera matakan da masara ke bi daga buhu har ta zama ƙullun tortiya.
2. Sau nawa ake juya tortiya a kasko, kuma me ke sa ta kumbura?
3. Faɗi bambanci biyu tsakanin tortiya da gordita.
4. Waɗanne alamu ake gane cutar pelagra da su, kuma me ya sa ta yi ƙaranci a ƙauyukan Meziko?
5. Me ya sa mazan Tepoztlán suka ƙi injin markaɗe, kuma me matan suka samu da zuwansa?

Lissafi

Idan ana sa giram 10 na cal a kowane kilo ɗaya na masara, giram nawa mai fonda za ta auna don kilo 12? Idan a 2007 wani gida yana sayen kilo 2 na tortiya kullum a kan peso 8.50 kowane kilo, nawa zai kashe a kwana 30?

Aikin rukuni

Ku rabu uku uku. Kowane rukuni ya ziyarci wata mai sana'ar abinci da ta daɗe a unguwarku, ku tambaye ta wa ya koya mata, ƙarfe nawa take fara aiki, wane ɓangare na aikin inji ya karɓa, wane ne kuma har yanzu sai da hannu. Ku rubuta amsoshinta cikin jimla goma, ku karanta wa aji a zama na gaba.